Jirgin Faransa Ya Iso, Ina Na Agege?

Filin namu na wannan mako zai ɗan yi nisan zango, gama sai mun leƙa ƙasar Faransa, amma kada kowa ya ɗaure kaya, daga Agege za mu tashi, a Agege kuma za mu sauka in Allah ya yarda.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ran Asabar ɗin da ta wuce na tafi Agege gai da wani dattijo, aminin mahaifina, wanda a nan aka haife shi, a nan kuma ya tsufa cikin harkar goro. Muna zaune a ƙofar shagonsa bayan sallar La'asar, yara na yayyafa wa ganye ruwa ana ɗaure huhu, sai muka ji kukan jirgi daga wajen tasha. Dattijo ya girgiza kai ya ce wai jiragen yanzu ba su da murya, na dā in ya yi kuka har cikin ƙirjinka za ka ji. Jikansa, wani saurayi ɗalibi, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tun da jirgin dā kake so, bari in nuna maka wanda ya girme ka, ya girmi babanka." Ya zaro wayarsa ya latsa, ya miƙa wa kakan.

Abin da muka gani bai cika minti ɗaya ba. Hoto ne baƙi da fari, babu sauti ko kaɗan. Ga mutane tsaye a bakin dogo suna jira, ga wani ɗan dako ya ja kurar kaya ya wuce. Can nesa sai wani ɗigo ya bayyana yana ƙara girma, har ya zama kan jirgi mai hayaƙi, ya taho kamar zai faso wayar ya fito, sa'an nan ya goce ta hagu, taragu na biye da shi. Da ya tsaya aka buɗe ƙofofi, masu sauka suka sauka, masu shiga suka shiga, ga mata da dogayen riguna da manyan huluna, wata riƙe da hannun ɗan yaro. Shi ke nan, ya ƙare.

Dattijo ya ce a maimaita, aka maimaita har sau uku. Na zaci jirgin yake kallo, ashe ba shi ba ne. Ya sa yatsa ya ce, "Kai, tsaya. Wannan mai kurar fa, wane ne?" Yaro ya ce, "Ai ba a rubuta sunansa a nan ba, Alhaji." Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "To, ga shi nan dai har yau yana jan kurarsa, duniya na kallo. Ni kuwa ubana ya yi shekara da shekaru yana loda huhun goro a tashar nan, amma ko inuwarsa ba ni da ita da zan nuna maka." Ya mayar wa yaro wayarsa, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Maganar nan ita na kwana da ita, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Su wane ne suka ɗauka?

Sunan ɗan fim ɗin da Faransanci L'Arrivée d'un train en gare de La Ciotat, watau isowar jirgi a tashar La Ciotat, wani ƙaramin gari na bakin teku kusa da Marseille a kudancin Faransa. Waɗanda suka yi shi wasu 'yan'uwa ne biyu, wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, kuma abin sha'awa sunan gidan nasu a harshensu ma'anarsa haske. Ubansu Antoine mai ɗaukar hoto ne, suna da masana'anta a birnin Lyon inda ake haɗa gilasan ɗaukar hoto na wancan zamani.

Ran 13 ga Fabrairu 1895 suka yi rajistar wata na'ura da suka sa wa suna Cinématographe, kuma daga wannan suna ne kalmar nan tamu ta silima ta samo asali. Akwati ce ta katako wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa, hannu ake juya mata kamar keken ɗinki, kai, daga keken ɗinkin ma Louis ya ari dabarar da ke jan zaren fim, ta tsayar da shi, ta sake ja. Ita ke ɗauka, ita ke fitar da kwafe, in kuma aka sa mata fitila a baya ta zama majigi. Hoto 16 take ɗauka a kowane sakan, zaren da take ci kuwa mita 17 ne kacal, shi ya sa finafinansu ba su wuce sakan 50 ko kusa da haka. Ba son taƙaitawa ba ne, iyakar guzurin ke nan.

Ran 28 ga Disamba 1895 suka fara nuna wa jama'a a kan kuɗi, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan shan gahawa mai suna Grand Café a birnin Faris. Mutum 33 suka biya faran ɗai-ɗai suka shiga, aka nuna musu 'yan finafinai 10. Na jirgin nan ba ya cikinsu, sai a watan Janairu 1896 aka fara nuna shi. To, me aka nuna musu a daren farko? Babu sarki, babu yaƙi. Na farkon dai ma'aikata ne, yawancinsu mata, suna fitowa daga ƙofar masana'antar Lumière an tashi aiki, ga wani a kan keke, ga kare yana kai da kawowa. Akwai maƙera suna dukan ƙarfe, akwai Auguste da matarsa suna ba jaririyarsu abinci, akwai yara suna tsalle cikin teku. Watau silima da ta buɗe ido a duniya, lebura da maƙeri da matafiyi ta fara gani. Abin da a ranar ba wanda zai ce yana da daraja, shi ne yau ya zama dukiya, domin babu wata hanya da za ka ga yadda talakan Faransa yake tafiya, da abin da yake sawa, da yadda yake sauri in an tashi aiki, fiye da wannan.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai da 'yan kallo suka ga jirgin ya nufo su sai suka tashi da gudu suna ihu suna tattake juna. Labari ne mai daɗi, amma masu binciken tarihin silima, musamman wani Bajamushe mai suna Martin Loiperdinger wanda ya yi rubutu a kan batun a 2004, sun duba jaridu da takardun lokacin ba su sami shaidar wannan turmutsitsi ba. Mutanen Faris sun san jirgi, sun san hoto, mamaki dai sun yi, amma gudun daga baya aka ƙara shi. Na kawo wannan ne domin mu ma an ba da irin labarin a kanmu, wai mutanen ƙauye sun watse da suka ga zaki a majigi. Ɗan Adam dai yana son ba da labarin ƙauyancin wani, don a ce shi wayayye ne.

Daga Faris zuwa Ikko

Abin bai daɗe ba ya zagaya duniya, gama 'yan Lumière sun horar da samari suka ba su akwatunan nan suka aika da su ƙasa-ƙasa, su nuna su kuma ɗauko. Kafin 1896 ta ƙare an nuna silima a Iskandariya ta ƙasar Masar. Mu nan Nijeriya kuwa sai a watan Agusta 1903 aka fara, a ɗakin taro na Glover da ke tsibirin Ikko, lokacin da Herbert Macaulay ya gayyato wani kamfanin Turawa mai suna Balboa. A shekarar da ta biyo, 1904, mutanen Ikko suka ga Alake na Abeokuta a majigi, an ɗauko shi sa'ad da ya ziyarci Ingila. Wani abin lura shi ne, ɗakin taron nan sunan John Glover ya ci, Baturen da a 1863 ya kafa 'yar rundunar nan da aka sani da Hausawan Glover, wadda daga gare ta ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Ka ga ke nan shekara 40 kafin silima ta zo Ikko, Bahaushe yana nan.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ake shimfiɗa dogo daga Ikko zuwa cikin ƙasa. Ya bi ta Agege, aka buɗe shi har Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911 ta hanyar Baro, a 1912 aka haɗe hanyoyin biyu suka zama ɗaya. Wannan shi ya sauya harkar goro baki ɗaya. Kakanninmu fatake a dā sai su yi wata da watanni da jakuna a hanyar Gwanja, su haye Kwara, su biya fito da gaisuwar sarakuna, kafin su dawo da goro Kano ko Sakkwato. Da manoman Agege da kewaye suka shiga shuka irin goron da Arewa ke ci, wanda har yau Yarabawa ke kira gbanja, watau Gwanja, ga kuma tasha a bakin gona, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Shanu su gangaro, goro ya hau. Fatake suka kafa zango, zango ya zama unguwa, aka yi masallaci da makarantar allo, aka yi Sarkin Hausawa, aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda Yarabanci a bakinsu kamar ruwa.

Yanzu ka dubi abin da idon basira. Jirgin La Ciotat 'yan mutane kaɗan ya sauke, waɗanda suka zo shan iska bakin teku. Jirgin Agege kuwa al'umma guda ya sauke, da tabarmarsu da butarsu da allonsu, ya kwashi arzikin da ya gina gidaje a Kano da Katsina da Zariya. Amma na farkon duk duniya ta san shi, kowane yaro zai iya ciro shi daga aljihu, na biyun kuwa na zagaya shagunan dattawa a ranar nan ina tambaya, ba wanda ya iya nuna mini ko sakan ɗaya nasa. Wannan shi ne ciwon da ke cikin maganar aminin mahaifina.

Wa ke riƙe da akwatin?

Kada kuma mu ɗauka na'ura ba ta da son kai. Ita ba ta da shi, amma mai riƙe da ita yana da shi. Fim ɗin ma'aikatan nan kala uku ne aka samu, a wani keken doki ya fito da doki ɗaya, a wani da biyu, a wani babu, alamar an sake ɗauka an kuma shirya mutane. Wanda ke juya na'urar shi ne mai masana'antar, waɗanda ake ɗauka kuwa ma'aikatansa ne, ba su da ta cewa. A tashar La Ciotat ma, cikin masu jiran jirgin akwai iyalan gidan Lumière, domin suna da gida a garin. Tun ran farko ke nan, mai akwati shi ke zaɓen abin da jikoki za su gani.

Mu a nan akwatin ya daɗe a hannun wasu. Wani jami'in lafiya na Ikko mai suna William Sellers shi ya fara yawo da finafinan wayar da kai a kan annoba da kashe ɓeraye, kuma da Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka a 1939 shi aka ba shugabanci. Ra'ayinsa shi ne fim ɗin da za a nuna wa Baƙar fata sai ya zama a hankali, ba dabaru, ba tsalle daga wuri zuwa wuri, wai kada kanmu ya ɗaure. Daga nan motar majigi ta shiga garuruwanmu, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan Isha'i, a nuna mana haƙa masai da rigakafi da noman zamani, dattawa har yau suna tuna Baban Larai. Ba na cewa ba a amfana ba, an amfana ƙwarai. Amma galibi ta fuska biyu aka ɗauke mu, ko ɗalibai da ake koya wa wanke hannu, ko mahaya dawaki da ke jahi a gaban Gwamna. Mai ɗaure huhu da mai loda shi ba su cika samun shiga ba, sai dai in sun gilma a bayan wani babba.

Da gidajen silima suka zo, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, sai muka koma biyan kuɗi muna kallon garuruwan wasu. Mutanen Agege na tuna Pen Cinema da silimar Danjuma, inda samari ke cika dare suna kallon Indiya da kaboyi da 'yan Sin masu faɗa. Mun haddace tashoshin jirgin Bombay, tamu kuwa tana bayan katanga ba wanda ya waiwaye ta. Yau Pen Cinema suna ne kawai ya rage, a kan gadar sama da aka buɗe a watan Maris 2021, yaro zai ce wa direba a nan zai sauka, bai san an taɓa kashe fitila a wurin an kunna majigi ba.

Ɗauka dabam, adana dabam

Akwai darasi na biyu da ya fi na farko nauyi. Finafinan gidan Lumière sun haura 1,400, kuma kusan dukkansu suna nan, domin tun farko an ba kowanne lamba da suna da wurin da aka ɗauka, aka kuma sami masu adanawa. A 2005 hukumar UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan da duniya ba za ta bari su ɓace ba. Titin da masana'antar take a Lyon an sauya masa suna ya zama Titin Fim na Farko, gidan iyalin kuma ya zama gidan tarihi.

To, mu duba namu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba ɗan sakan 50 ba ne, babban aiki ne da gwamnati ta kashe wa kuɗi, amma ya yi shekaru ana ganin kamar ya salwanta. Sai a 2016 aka gano zarurrukansa cikin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Idan labarin da Firayim Minista ya rubuta ya kusa ɓacewa cikin shekara 40, ina ga hoton ɗan dako? Ɗaukar hoto rabin aiki ne, adanawa shi ne sauran rabin, kuma a nan ne muka fi rauni.

Yau ba mu da uzuri

Kakanninmu suna da uzuri, akwatin ba a hannunsu yake ba. Mu ba mu da shi. In ka yi lissafin finafinai 1,400 a kan sakan 50, za ka ga duka aikin gidan Lumière bai wuce kimanin awa 20 ba, abin da ɗan katin waya da bai kai farce ba zai haɗiye. Ɗan acaɓa da mai shayi da almajirin ɗinki, kowa yana yawo da abin da ya fi Cinématographe nesa ba kusa ba, ga launi ga sauti. Amma me muke ɗauka? Biki, da rawa, da faɗan 'yan tasha, da motar da ta faɗi. Ban hana kowa nishaɗinsa ba, sai dai ko waɗannan ɗin ma ba su kwana biyu, waya ta cika a goge, ko ta faɗa kwata, ko wani ya zare ta a cikin bas, shi ke nan an yi asarar shekara biyar.

Alhali kuwa abin da ya kamata a ɗauka yana tafiya a gaban idonmu. Goro ya daɗe da barin jirgi ya koma manyan motoci. A 2021 aka buɗe sabon dogo na Ikko zuwa Ibadan, da sabuwar tasha a Agege mai sunan Babatunde Fashola, a 2024 kuma aka ƙaddamar da jirgin cikin gari na Jan Layi. Ci gaba ne, muna maraba, amma duk ginin da ya tashi wani abu ya kwanta a ƙarƙashinsa. Dattawan da suka ga jirgin gawayi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake tsince goro a ware marsa da minu, yadda ake jera ganye a ɗaure huhu ya yi wata bai bushe ba, yadda dillali ke ƙirga ƙwarya, yadda mahauta ke aiki a Oko-Oba da asuba, wanzami da ƙahonsa, mai shayi yana yanka burodin Agege, ƙananan yara suna wanke allo, duk waɗannan yau ba a ganin darajarsu, daidai yadda ba a ga darajar mai kurar La Ciotat ba a 1896.

Wani zai ce, Malam, ana fama da abin da za a ci, kai kana zancen hoto. Gaskiya ne, amma abin da nake nema ba ya cin ko kwabo, kuma ba ado ba ne. Duk mai zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san akwai ranar da wani zai dube shi ya ce, ku yaushe kuka zo? Kana iya cewa kakanka a nan aka binne shi, mu da maƙwabtanmu Yarabawa mun yi shekara fiye da 100 muna ciniki da auratayya da zaman makoki tare, amma baki ne kawai. Gani ya kori ji. Al'ummar da ba ta ajiye shaidar zamanta ba, wata rana wani ne zai ba da labarinta, yadda ya ga dama.

Wani kuma zai ce shi yana ƙyamar hoto saboda addini, ko saboda kunya. Wannan a girmama shi, ba a tilasta wa kowa. Wanda bai son a ɗauki fuskarsa a ɗauki hannunsa yana aiki, wanda bai son wannan ma a ɗauki muryarsa. Matan da ke cikin gida, 'yan'uwansu mata su ɗauka, da izinin masu gida, a kuma ajiye a cikin dangi. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗaukar mutum bai sani ba a watsa shi a Facebook ana dariya, wannan cin amana ne, ba tarihi ba.

Abin da nake roƙo

Roƙona ga samarinmu, na Agege da na sauran zangogi, har Sabo ta Ibadan da Kumasi, guda huɗu ne. Na farko, ku ari dabarar 'yan Lumière, ku sami wuri ɗaya ku tsaya, ku riƙe waya da kyau kada ku yi ta lilo da ita, ku bar aiki ya gudana a gabanta na sakan 50, ba kiɗa, ba ado, ba ku sa fuskarku a ciki ba. Na biyu, kafin ku fara ku nemi izini, sa'an nan ku faɗa da bakinku, yau kaza ga wata, shekara kaza, wuri kaza, wannan wane ne ɗan wane, sana'arsa kaza. A nan za mu fi Faransawan, gama su sun bar mai kurarsu ba suna. Na uku, kada ku bar shi a waya ɗaya, ku sa a kwamfuta, ku tura wa ɗan'uwa a gida Arewa, ku ajiye wani a intanet. Na huɗu, ku roƙi iyaye su buɗe tsofaffin akwatuna, hotunan Makka da na suna da rasiɗan reluwe da wasiƙun ajami, a ɗauki hotonsu tun gara ba ta riga mu ba.

Ga shugabanni kuwa, watau fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan goro da na mahauta da kwamitocin masallatai, ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya da amintaccen yaro ɗaya sun isa a fara. A riƙa tara abin da samari suka ɗauko, a ba kowanne lamba, a rubuta a littafi, a kuma nemi gidajen adana tarihi irin su Gidan Arewa na Kaduna da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos su karɓi kwafe. Masu shirya finafinanmu na Kano ma, waɗanda tun Turmin Danya a 1990 suke ba mu labaran soyayya da na sarauta, da za su ware ko yini ɗaya a shekara su juya kyamara wajen kasuwa da tasha, da sun bar abin da za a gode musu bayan an manta da jaruman. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dattawan nan ba za su jira mu ba.

Kafin in bar Agege a ranar nan, na ce wa aminin mahaifina, "Baba, na ubanka ya wuce, Allah ya jiƙansa, amma naka fa? Ka bar yaron nan ya ɗauke ka." Ya ce shi ba ɗan wasa ba ne da za a sa shi a silima. Jikan ya ce, "Alhaji, ai ba rawa za ka yi ba, huhu za ka ɗaure." Ya yi ɗan tunani, ya naɗe hannun riga, ya ce, "To, hannuna za ka ɗauka, ban da fuska." Ya jawo ganye ya fara jerawa, yatsun nan da suka tsufa suna tafiya da kansu, ba ya ko dubawa. Yaro ya faɗi rana da wata da shekara, ya faɗi sunan kakansa. Sai dattijo ya ɗago kai, ya manta da sharaɗin da ya kafa, ya dubi wayar sosai ya ce, "Ka ƙara da sunan ubana, ka ce shi ya koya mini, ka ce a tashar Agege ya yi dako." Aka ƙara. Da muka duba, abin ya ɗan haura minti ɗaya, na sa yaron ya tura mini nawa kwafen nan take.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai mun sadu a mako mai zuwa. Wassalam.